Yau 20 ga Yuni 2025, me za mu sa wa Baba ya ji?

Ɗan Bukuru: Salamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da Juma'a. Dan Allah shawara nake nema. Da safen nan wayata ta jefo min irin abin nan na yau a tarihi, ɓangaren mawaƙa, na bi shi tun daga sama har ƙasa ko zan ga namu, wlh duk Turawa ne, wane an haife shi yau, wane ya mutu yau, wane ya fitar da faifai yau, babu Ɗan Maraya ko a layin ƙarshe alhali yau ɗin nan shekararsa goma cif da rasuwa, 20 ga Yuni 2015. Abin ya ɗan sosa min rai gsky. To Babanmu kwana biyu ba ya jin daɗi, ƙafa ta hana shi fita majalisa, yana ɗaki shiru ko rediyo ba ya kunnawa, shi ne na ce bari in haɗa masa waƙoƙi a memori mu zauna da shi bayan isha'i. Me da me zan sa? Kuma ina zan samu masu sauti mai kyau, ba irin wanda za ka ji kamar ana soya gyaɗa a bayan mawaƙin ba.

Kawu Gangare: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Alhaji lafiya, shi kuma Adamu Ɗan Maraya Allah ya jiƙansa. Shekara goma! Kai duniya. Ranar Asabar ce ban manta ba, azumi bai fi kwana uku da kamawa ba, da bakin azumi labarin ya iske mu. Ka fara masa da Mai Akwai da Babu, ka bi da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali. Jawabin Aure kuwa ka ajiye ta sai ka ga Hajiya ta shigo da shayi sannan ka saki, ka ja gefe ka sha kallo.

Maman Hanifa: Kai Kawu, so kake a hana yaron nan tuwon dare kenan.

Direban Abuja: Ni dai in ba a sa Karen Mota ba to ba a yi komai ba. Ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Shekara shida na yi ina yaron mota kafin maigidana ya yarda in taɓa sitiyari, kuma babu wanda ya san mene ne aikin nan sai wanda ya taɓa dirowa daga bayan babbar mota a Hawan Kibo cikin ruwan sama da weji a kafaɗa, mota na ja da baya kai kana bin taya kana neman inda za ka cusa shi, direba na zaginka ta taga, ga sanyin Jos ya daskarar maka da yatsu, in an isa tasha shi ya tafi ɗaki kai ka kwana a kan buhunan dankali kana gadi. Ba wanda yake ganinka mutum. Sai ga wani ya ɗauki ɗan kuntiginsa ya yi mana waƙa sukutum, har manya suna saurare a gidajensu. Wlh ranar da na fara jin ta a rediyon wani mai shayi a Mararraban Jama'a sai da na ajiye kofi. Ni wannan ita ce ta ɗaya, sauran su biyo baya.

Ɗan Bukuru: Oga Direba na rubuta. Baba ma ya yi harkar mota kafin ya shiga kamfanin kuza, za ta shige shi.

Auta: Yaya Ɗan Bukuru ɗan gyara kaɗan, ba duka ne Turawa ba fa, nima na ga jerin. Lionel Richie na ciki kuma baƙar fata ne, an haife shi 20 ga Yuni 1949 a Alabama ta Amurka, yau yana 76 kenan. Sai Brian Wilson na Beach Boys 1942, sai Chet Atkins mai jita 1924, sai wata 'yar Kanada Anne Murray 1945. A waɗanda suka mutu kuma akwai Prodigy na Mobb Deep, 2017, yana da shekara 42, sikila ne tun yana yaro kuma yana kwance a asibiti a Las Vegas ya cika. Jiya ma 19 ga wata ai ranar masu sikila ce ta duniya.

Kawu Gangare: Auta duk waɗannan da ka lissafo mutum ɗaya na sani, mai gashin bakin nan.

Auta: Shi ne Lionel ɗin Kawu.

Anti Tudun Wada: Sannunku da hira. Kawu ka san Chet Atkins ba ka san ka san shi ba. In ka taɓa jin Jim Reeves, to hannunsa ka ji, shi ne yake shirya masa faifai a kamfanin RCA a Nashville, duk laushin nan da kake ji a bayan muryar, shi ya tsara abinsa. Mu a gidanmu ranar Lahadi da safe kafin a tafi coci Babanmu zai buɗe rediyogiram, wani dogon akwati mai ƙafa huɗu da Mama ke shimfiɗa wa ƙyalle mai saƙa a kai, ya goge faifan da gefen rigarsa ya hura allurar sannan ya ɗora, mu kuma muna layi ana shafa mana basilin. Jim Reeves ya mutu a hatsarin jirgin sama tun 1964, ban ma zo duniya ba, amma a Jos kamar maƙwabcinmu ne. Kuma abin da zai ba ku mamaki, a akwatin nan ɗaya faifan Ɗan Maraya yake, Baba ba ya bambanta su, in Jim ya gama Adamu ya hau. Ɗan Bukuru in Baba na zamanin kamfanin kuza ne ka jefa masa Jim Reeves guda biyu da Don Williams guda ɗaya a tsakiya, za ka gode min.

Ɗan Bukuru: Anti kin taɓo wajen, Don Williams kam har kaset ɗinsa yana da shi.

Kawu Gangare: Ni ban hana ba amma kar ka cakuɗa su kamar gwanjo. Ka gama da na gida tukuna. Kunne ma yana da tsari, ba a cin tuwo da biskit.

Malam Anguwan Rogo: Salamu alaikum. Na fito daga masallaci na tarar zaure ya cika. Bari in ƙara wa Ɗan Bukuru abin da zai faɗa wa ƙannensa in sun zauna, tunda ɗan garinku ne. Sunansa Adamu Wayya, a Bukuru aka haife shi 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu yaron yana jariri, uwar ma ba ta jima ba ta bi shi, sai Sarkin ya ɗauke shi ya riƙe, sunan Ɗan Maraya kenan, ba laƙabin talla ba ne irin na yaran yanzu, maraicin ne na gaske. A wata tafiya da ya yi Maiduguri ya ga kuntigi ya kama shi har ƙarshen rayuwa. Lokacin yaƙin basasa ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi, daga baya Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa kuke jin ana cewa Dokta.

Maganar da ta dame ka kuma ta rashin ganin namu a jerin, ni ban ga laifin masu jerin ba sosai. Su da an haifi yaro an rubuta rana da wata har da awa. Mu fa? Je ka tambayi Baba yaushe aka haife shi, zai ce maka shekarar fara, ko shekara kaza kafin zuwan Sarauniya, ita kuma 1956 ta zo har nan Jos, sai kai ka zauna ka yi lissafi. Rabin dattawan unguwarmu a katin ɗan ƙasa 1 ga Janairu aka haife su, kai ka ce ungozoma ɗaya ce ta yi aikin dare ɗaya. Shata da duk girmansa shekara kawai ake rubutawa, 1923 a Musawa. Abin da muke riƙewa daram shi ne ranar rasuwa, don ita an yi ta a gaban jama'a, rediyo ta faɗa, jarida ta buga. To in za mu yi namu jerin, na rasuwa ne zai fi yawa, haka abin ya zo mana.

Maman Hanifa: Malam wlh gaskiya ne, ni da kishiyar mamata da mai gadin makarantar su Hanifa duk 1 ga Janairu ne.

Malam Anguwan Rogo: Kin gani. Sannan ga wani abu, Kawu ya ce da azumi aka yi rasuwar, to bana azumi tun watan Maris aka yi shi aka gama. Wanda ya riƙe ta da watan Musulunci ya riga ya yi addu'arsa wata uku da suka wuce, wanda ya riƙe ta da na boko yau yake yi. Duk shekara kwana goma sha ɗaya ne ke shiga tsakani. Tsofaffinmu mata da yawa ba su san wani 20 ga Yuni ba, sun dai san farkon azumi ne.

Kawu Gangare: Tunda Malam ya ambaci Shata to ku matsa min. Shekaranjiya Laraba 18 ga wata ya cika shekara 26, ban ga wanda ya ce uffan a zauren nan ba, ina kallonku. Ranar Juma'a ya rasu a Kano 1999, aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Kwana biyu ne tsakanin ranarsa da ta Adamu, to ni a wajena makon nan gaba ɗaya nasu ne su biyu. Ɗana ka sa Bakandamiya, ko da ita kaɗai ce. Amma ka sani ba guda ɗaya ba ce, ya yi ta sau da yawa a wurare daban daban kuma kowacce da abin da ya zuba a ciki, don shi ba ya zama ya rubuta, a tsaye a filin yake ƙera abinsa, kalangai na tafiya 'yan amshi na karɓa shi kuma yana ɗora magana a kan magana. Ka nemi doguwar, ba guntun da yara ke yankawa suna ɗorawa a kan bidiyon mota ba. Sannan Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu, ita ka rufe da ita tunda daren Juma'a ne zuwa Asabar. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi Dokta a 1988, mutumin da bai zauna a aji ba, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙar ba tun farko.

Direban Abuja: Kawu da girmanka amma yau ranar Ɗan Maraya ce, kar Shata ya zo ya cinye taron kamar yadda ya saba.

Kawu Gangare: Ai ko yana raye haka zai yi.

Direban Abuja: Shi ya sa ni na fi ganin ƙoƙarin namu. Shata yana tafe da runduna, masu kalangu, 'yan amshi, sanƙira, mota guda. Shi kuwa mutum ɗaya, tsirkiya ɗaya, gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, shi ne kiɗa shi ne waƙa shi ne amshi. A Gulma Wuya ma har muryoyin mutanen yake canzawa shi kaɗai kamar wasan kwaikwayon rediyo. Wancan Chet ɗin da Anti ke faɗa tsirkiya shida gare shi, a ba shi ɗaya mu gani.

Anti Tudun Wada: Oga Direba ba ni na kawo faɗa ba fa, ni duka biyun nawa ne.

Kawu Gangare: Ba a haɗa su. Shata kogi ne, Adamu rijiya ce a tsakar gida, kowanne da ranar da ake nemansa. Ni dai na faɗi nawa.

Abu Sumayya: Jama'a ba don in ɓata muku hira ba, wanda ya rasu addu'a da sadaka yake buƙata, ba a kunna kiɗansa ba.

Kawu Gangare: Gaskiya ka faɗa Ustaz, kuma an yi, da ita muka buɗe. Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Yaron nan kuma mahaifinsa yake son ya ga ya yi dariya, ka bar shi ya samu ladansa ta nan.

Abu Sumayya: Allah ya ba Baba lafiya.

Maman Hanifa: Amin. To ni ƙorafina daban, tun ɗazu maza kuke ta jerowa kamar mata ba su taɓa buɗe baki ba a ƙasar Hausa. In Hajiya za ta zauna a ɗakin ai ita ma a sa mata nata. Barmani Choge, ta Funtuwa, ta rasu 2013, na san ba watan nan ba ne amma ni ban damu da kalandarku ba. Ka nemo wadda take cewa mata su tashi su kama sana'a. Kakarmu in an sa ta sai ta jawo ƙwarya ta kifa a cikin baho da ruwa ta ɗauki ludayi biyu tana bi, mu muna rawa har zani ya faɗi. Amma ɗana ka saurara da kanka tukuna kafin ka sa a gaban iyaye, don wasu waƙoƙin nata na cikin gidan biki ne, in ta saki wata maganar ba za ka san inda za ka sa fuskarka ba.

Ɗan Bukuru: Hajiya na gode da wannan gargaɗin wlh, da na yi abin kunya.

Auta: Maganar inda za a samu, YouTube akwai su da yawa Yaya, ka rubuta Dan Maraya Jos kawai ba ƙugiya, sai dai ka duba tsawon mintunan, in ka ga minti biyu to yankakke ne. Kar ka ɗauki wanda aka yi wa rimis aka zuba masa ganga ta kwamfuta a ƙasa, Baba zai jefe ka da filo.

Direban Abuja: Kuma dan Allah in za ka je wajen masu tura waƙa kar ka biya sai ka saurara a gabansu. Ni an yi min. Wani shago a wajen Terminus na ba yaro memori na ce cika min da Ɗan Maraya zalla, ya karɓi kuɗi ya ce an gama Oga guda ɗari da ashirin, na ji daɗi na kama hanya, ban kai Riyom ba na gane abin da ke ciki, guda tara ne kawai nasa kuma kowacce an maimaita ta sau uku da suna daban, sauran Haruna Uji ne da wasu masu kukuma da ban ma san su ba, har da wa'azi guda biyu da waƙar Indiya, duka an rubuta musu Dan Maraya 1, Dan Maraya 2. Da na dawo na same shi sai ya ce min ai duk tsofaffi ne Oga, duk ɗaya ne.

Malam Anguwan Rogo: Wannan "duk ɗaya ne" ita ce ke kashe mu, ta fi rashin ranar haihuwar ciwo. Yaran ba su san kayan kiɗan ba balle su raba masu su. Ga hanya mai sauƙi. In ka ji tsirkiya ɗaya siririya tana ƙara da sauri kuma murya ɗaya ba amshi, kuntigi ne, Ɗan Maraya. In sautin ya fi kauri da zurfi, gurmi ne, nan ka nemi Haruna Uji na Haɗeja. In ana goga ta ne tana kuka kamar goge ƙarami, kukuma ce, su Ahmadu Doka. Kalangu da amshi, Shata. In kuwa ka ji taron murya sun ɗauka tare suna yabon sarki a kan kotso, to ka shiga fada, Narambaɗa ne ko Ɗanƙwairo. Ɗanƙwairo 1991 ya rasu, shi ma ba wanda zai sa maka shi a jerin waya.

Ɗan Bukuru: Malam wannan sai na kwafe na ajiye. Amma kun tuna min, akwai wata jakar Ghana-must-go a saman sif ɗin Baba cike da kaset, na sauke ta yanzu. Sun fi saba'in. Wasu da rubutun hannunsa da jan biro, wasu da ajami ma. Akwai guda huɗu da aka rubuta Ɗan Maraya, ɗaya an rubuta biki Bukuru kawai ba shekara. Sai dai duk warin ruma suke, wasu na ga fari fari a jikin zaren ta cikin tagar. Rediyon kaset ɗin ma tana nan. In jarraba?

Mai Gyara Dilimi: KAR KA SA. Yi haƙuri da ihu. Ina karanta ku tun ɗazu hannuna da aiki ne, amma wannan dole in yi magana. Rediyon da ta shekara goma ba a kunna ba bel ɗinta ya riga ya narke ya zama kamar kwalta, robar nan da ke danne zare ita ma ta bushe, kana dannawa za ta tauna maka kaset ta tofar, kuma wanda aka rubuta biki ɗin nan wataƙila duk duniya ba wani sai shi, wani ne ya riƙe rikoda a wajen ya ɗauka.

Ga abin da za ka yi. Farko duba saman kowane kaset akwai 'yan haƙora biyu na roba a gefe da gefe, ka ɓalle su da tsinke, in an ɓalle ko yaro ya danna jan maɓallin ba zai goge komai ba. Na biyu ka fitar da su daga jakar ka jera a ɗaki inda iska ke shiga, ba a rana ba, ba kusa da lasifika ba don maganaɗisun ciki yana cin sauti. Damina ce, rumar Jos kuwa ka san halinta. Masu farin nan ka ware su daban kar su shafa wa sauran. Na uku ka sa biro mai kusurwa shida a ramin ka juya a hankali daga farko har ƙarshe ka dawo, in ka ji ya cije kar ka ja, ajiye shi ka kawo min. In zare ya tsinke kar ka ɗaura kuma kar ka sa jan farce irin yadda muke yi muna yara, akwai salatif ɗinsa siriri. Ka duba jikinsu, C60 minti talatin ne kowane gefe kuma zarensa ya fi ƙwari, C90 arba'in da biyar, in ka ga C120 to lallaɓa shi kamar ƙwai don siriri ne sosai.

Rediyon ka kawo in sa mata sabon bel in wanke kan da auduga da sipirit. Daga nan waya ɗaya ce, daga ramin iyafis zuwa kwamfuta.

Auta: Ni zan zo da laftof ɗina, akwai manhajar ɗaukar sauti ta Audacity a kai, kyauta ce. Sai dai a sani babu gaggawa, kaset na minti sittin minti sittin zai ci, ba a tura shi kamar fayil. Kuma in mun gama kar wanda ya tura shi a matsayin saƙon murya, WhatsApp matse shi yake yi ya lalace, a tura a matsayin dokumen. Mu rubuta sunan mai waƙa da sunan waƙa a kan kowanne tun Baba yana kusa ya faɗa mana, kar mu ma mu koma Dan Maraya 1 Dan Maraya 2.

Mai Gyara Dilimi: Yaron nan yana da kai. Kuɗin bel kawai za ka biya Ɗan Bukuru, aikin na Baba ne. Amma ina da sharaɗi, in na bikin nan ya fito ni ne na farkon ji.

Kawu Gangare: Na biyu dai. Akwai manya a zaure.

Anti Tudun Wada: Kafin a tashi, tunda mai ranar haihuwa yana raye a ba shi haƙƙinsa. Lionel Richie shi da Michael Jackson suka rubuta We Are the World a 1985, aka tara mawaƙan Amurka a dare ɗaya suka rera don tara kuɗin yunwar Habasha, Quincy Jones ya haɗa. Mun yi ta a makaranta muna riƙe da hannun juna ba mu ma san me ake cewa ba. Michael ɗin ma a watan nan ya mutu, 25 ga Yuni 2009. Yuni dai ta ɗebi mawaƙa.

Auta: Har da Brian Wilson ɗin da na faɗa Anti, ran 11 ga watan nan ya mutu, saura kwana tara ya cika 83. Kuma wai ku ji, kunnensa ɗaya ba ya ji tun yana yaro amma shi ne ya haɗa faifan Pet Sounds a 1966. Kwana biyu Paul McCartney na Beatles ya ba shi a haihuwa, shi 18 ga Yuni 1942, ranar Shata kenan Kawu.

Kawu Gangare: Ranar Shata ta Shata ce, shi wancan ya nemi tasa.

Auta: Toh. Gobe 21 kuma ranar kiɗa ce ta duniya, a Faransa aka faro ta 1982. Ni da za a bi tawa da an sa na Jos na yanzu ma, P-Square a nan aka haife su, M.I da Jesse Jagz a nan, Ice Prince a nan ya tashi. Su kam ranar haihuwarsu ko ba ka tambaya ba Instagram zai faɗa maka da kek da komai.

Maman Hanifa: Auta ka sa wa tsoho mai ciwon ƙafa P-Square ya tashi ya yi rawa ya faɗi, kai za ka biya asibiti.

Ɗan Bukuru: Jama'a na dawo, ƙarfe goma da rabi. Na bi tsarin Kawu, na gida tukuna. Da na sa Mai Akwai da Babu bai ce komai ba, yana kwance ya juya wa bango fuska, na ce shi kenan na yi aikin banza. Karen Mota na shiga sai na ga babban yatsan ƙafarsa mai ciwon yana motsi a ƙarƙashin bargo. Can ya ce ɗaga ni. Na jingina shi da filo, ya ce wa ya ba ka wannan, na ce mutanen zaure, ya ce to ka gaya musu ba ita ce ta asali ba, ta asalin ta fi wannan sauri kuma tana cikin jakar da ka sauke min ba izini. Daga nan fa baki ya buɗe, ya ba mu labarin wata mota ƙirar Bedford da ya bi shekara uku zuwa Kafanchan, da sunan direban da sunan matar direban, abin da ni ɗansa ban taɓa ji ba. Jawabin Aure kuwa Kawu Allah ya shirye ka, Hajiya ta tsaya da tire a hannu ta ji baiti biyu ta ce ai da kai yake, shi ma ya ce da ke yake, ƙannena suna ta dariya har da faɗuwa. Ba mu kai ga Jim Reeves ba Anti, an ɗauke wuta kuma sipikar ta mutu ana tsakiyar Bakandamiya, ya ce a bar sauran sai gobe.

Na tambaye shi na bikin. Ya ce bikin ƙanwarsa ne, Gwaggonmu da ta rasu, kuma shi da kansa ya riƙe rikodar, wai har muryar kakarmu tana ciki tana guɗa. Shekarar kuwa ya ce shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama.

Malam Anguwan Rogo: 1972 kenan, watan Afrilu aka koma. Rubuta a jikin kwalin yanzu da biro kafin ka kwanta.

Mai Gyara Dilimi: Wannan kar ka juya shi da biro ma, kar ka taɓa shi sam, naɗe shi a tsumma mai tsabta ka kawo yadda yake. Ina buɗe shago ƙarfe tara. Auta ka zo da cajarka da ekstenshan, soket ɗina ɗaya ne.

Auta: Sai goma zan iso Oga, ina da wanki.